Amaryarmu Ta Ce A Nuna Mata Badala



Duk wadda ta saba karanta littattafanmu ta san inda muke kai ango da amarya yawon buɗe ido. A shekarun 1990, lokacin muna 'yan sakandare muna ɓoye littafin haya a tsakiyar littafin lissafi, Tiga ake kai su ko Bagauda, in marubucin ya so burgewa ya wuce da su Jos su sha sanyi. Da aka kwana biyu sai aka koma Abuja, daga nan Dubai, yanzu kuwa in ba ki ɗora su a jirgi kin sauke a Turkiyya ba, sai masu karatu su ce angon naki ba shi da ko sisi. Ni ma haka nake yi, kuma ba na jin zan daina, domin mai sayen littafi ba ta fid da kuɗinta don a nuna mata kwatar ƙofar gidansu ba. Shi ya sa har yau ban ci karo da littafin da ango ya ce wa amarya shirya mu je Gidan Makama ba. A wurinmu Kanawa irin waɗannan wurare na 'yan makaranta ne da Turawa. Namu yawon shi ne Gidan Zoo ranar sallah, a sha rake, a tsokani biri, a dawo gida da ciwon ƙafa.

To ni dai an sa ni wannan yawo, kuma amarya ce ta sa ni.

Autanmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yawancin masu sayen kayansa mutanen Nijar ne. A garin kai kaya da karɓo kuɗi ya gano wata yarinya a Damagaram, aka ɗaura aure muka je muka ɗauko ta. Yarinya ce mai kunya, amma tun a mota ta faɗa min ta karanta littattafaina uku, har ta yi min ƙorafin wadda na kashe a ƙarshen ɗaya daga ciki. Tanti take ce min da farko, na ce mata a'a, nan garin Anti ake cewa. Wata huɗu da tarewarta, ban da asibiti da gidan suna ba inda ta leƙa. Ran nan na je duba ta, muna tsinke zogale a tsakar gida sai ta ce, "Anti, don Allah wai ina Kanon take?"

Na ce, "A ina kike zaune yanzu?"

Ta ce ba wannan ba. Kakarta ce ta raine ta, kuma tun tana ƙarama take ba ta labarin kakanta ita tsohuwar, wanda yake biyo ayari zuwa Kano da kanwa da dabino ya koma da turkuɗi. Wai in suka iso bayan faɗuwar rana sai dai su kwana a waje, don an riga an rufe ƙofa, kuma ganuwar garin in ka ɗaga kai za ka kalli ƙarshenta sai hularka ta faɗi. Ita kuwa da dare aka shigo da ita, ba abin da ta gani sai gadar sama da shaguna. Ta ce, "Ni ganuwar nake son gani. Inna kullum muka yi waya sai ta tambaye ni."

Gabana ya faɗi, dalilin kuwa za ku ji shi a gaba. Na ce mata ta nemi izinin mijinta, ran Asabar zan zo mu zaga gari.

Da Dala muka fara, da sassafe kafin rana ta buɗe, ni da ita da ɗana mai shekara 14 da babansa ya haɗa mu da shi rakiya. Mai adaidaita ya sauke mu a bakin lungu, sauran tafiyar da ƙafa, domin gidaje sun matse dutsen ta ko'ina har sun fara hawa gindinsa. Tun a lungun ta fara tsokanata, wai a garinsu dala ai sefa biyar ce, ko alawa ba ta saye. Na ce mu ma kakanninmu sule biyu suke kira dala, amma wannan Dalar sai kin hau za ki san farashinta.

Ashe ni zan biya. Lokacin muna yara, ranar Takutaha, wato ranar zagayowar sunan Manzon Allah (SAW), da gudu muke haye matakalar nan da sababbin kaya da lalle a hannu, dutsen ya cika maƙil kamar an zuba tururuwa. Yanzu kuwa sau uku ina zama ina dafa gwiwa, amarya tana can sama tana ce min sannu Anti. Kafin mu ƙarasa yara uku sun manne mana, kowa yana son ya ba mu labarin Barbushe a ba shi na goro. Sun haddace shi kamar karatun allo, in ka katse su da tambaya sai sun koma farko.

Abin da ke cikin tsohon littafin tarihin Kano dai shi ne, Barbushe ƙato ne, maharbi, daga zuriyar wani mutum mai suna Dala, kuma shi ne mai kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin. Ba mai shiga wurinta sai shi, in ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara, har ya gaya musu wata rana baƙo zai zo ya mallake su. Bagauda ke nan, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekarar 999. Masu tonon ƙasa kuma sun sami burbushin tama da aka narka a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7, ke nan maƙera sun riga sarakuna zama a nan. Amarya tana jin an ambaci gunki ta ja da baya tana a'uziyya, na ce kwantar da hankalinki, tun zamanin Sarki Yaji da Wangarawa suka zo da Musulunci ake kiran salla a garin nan, yau fiye da shekara 600.

Saman Dala fili ne kawai, jar ƙasa da tsakuwa, ba rumfa ba wurin zama. Amma kallon da ke wurin ba shi a ko'ina. Ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari wanda aka sake ginawa a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ga rufin kwano mai tsatsa ya shimfiɗu har inda ido ya gaza. Hayaniyar gari tana tasowa gaba ɗaya, hon ɗin mota da injin markaɗe da karatun almajirai, sai ka ji kamar tukunya ce take tafasa a ƙarƙashinka. A nan wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya tsaya a 1851 ya zana hoton gari. Ya ƙiyasta mazauna birnin wajen dubu 30, kuma a lokacin babban ɓangaren abin da ganuwa ta kewaye gonaki ne da fili. Da gangan aka yi haka, don in abokan gaba sun tsare ƙofofi mutane su yi noma a ciki. Yau daga saman Dala ko filin da za a shanya barkono da ƙyar za ka hango.

Amarya ta kewaya ta duba gabas, ta duba yamma, ta sa hannu ta kare rana. "Anti, ban ga ganuwar ba."

Na nuna mata da yatsa, can wajen Ƙofar Ruwa ce, can Mazugal, can Kabuga. Ta ce ita gidaje kawai take gani. Na ce mu sauka rana tana yi.

Kurmi ba mu daɗe ba. Kasuwa ce da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau lungunanta ba sa ɗaukar mutum biyu a jere. Muka ratsa 'yan sirdi da masu linzami, muka bi ta wajen dukawa da masu turare da masu littattafan addini, warin Jakara yana yi mana rakiya. Wani mai kayan fata ya ji harshenta ya gane baƙuwa ce, ya ninka mata kuɗin tandun kwalli. Ban ce uffan ba, na tsaya kallo. Wallahi sai da yarinyar nan ta sa shi ya sayar ƙasa da yadda ni zan saya, yana miƙa mata yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da Damagarawa. Ta ce, "Ba ku kuke cewa ko da me mutum ya zo kun fi shi ba?"

Daga nan sai Gidan Makama, nan kusa da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki. Wanda bai taɓa shiga ba, abin da zai fara ba shi mamaki sanyi ne. Muna fitowa daga rana mai ƙuna muka shiga zauren farko, sai ka ce an watsa mana ruwan randa. Ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara, ɗaurin guga a sama kamar an juya ƙwarya, ba fanka ba na'ura. Na tsaya ina tuna zaurenmu na cikin gari kafin a rushe shi a yi na bulo, wanda yanzu in an ɗauke wuta ba mai iya zama a ciki. Ana cewa an gina gidan ne domin Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gado ya gina fadar da ake ciki har yau. Da Turawa suka ci gari suka mai da shi ofis, aka yi makaranta a wani sashe, daga baya ya zama gidan tarihi.

Kuɗin shiga bai kai na katin wayar da nake sawa a wuni ba, amma ran nan ban da mu sai wata makarantar firamare da aka kawo a jere, malaminsu yana ta tsawa kada a taɓa. Mai yi mana bayani dattijo ne mai haƙuri, yana bi da mu ɗaki-ɗaki: ga sulke da lifidi da kwalkwali, ga tsofaffin bindigogi, ga hotunan sarakuna, ga bayanin Basasa, yaƙin gidan da aka gwabza tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895. Da aka zo kan Sarki Alu sai amarya ta gyara tsayuwa, don a lakwal an karantar da su yadda Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kawo wa ƙasar Kano yaƙi a zamaninsa. Ta ce, "Baba, ai kakanninmu sun zo har kusa da nan."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Sun zo 'yata. Sun shiga?"

Ta yi shiru. Ya ce to aikin badala ke nan.

Mu Kanawa badala muke ce wa ganuwar gaba ɗaya, amma asalin badala ita ce dakalin da ke jikinta ta ciki, inda maharba suke tsayawa. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin wajen farkon ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Turawan da suka zo a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, ga gwalalo a bayanta cike da ƙaya. Ta tare dawaki shekaru ɗaruruwa, amma ba a gina ta don igwa ba. A watan Fabrairu na shekarar, cikin safiya ɗaya, suka fasa ta wajen Kabuga suka shiga, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya yi wajen Sakkwato. Daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926.

Abin da ya fi tsaya min a rai a gidan nan ƙyamaren ƙofofin gari ne. An ciro su an kawo nan an ajiye, manya-manya, baƙin ƙarfe da ƙusoshi, aikin maƙeran da ba wanda ya san sunansu. Na ce wa amarya, to ga abin da aka rufe wa kakan Innarki ya kwana a waje. Ta matsa ta kai hannu, ta tuna tsawar malamin nan ta janye, dattijon ya ce taɓa abinki. Ta shafa ta daɗe. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, shi ke rufewa da almuru ya buɗe da asuba, sarautar tana nan har yau amma ba abin rufewa. Ni kuwa ina tsaye ina ganin abin kamar gidan da ya rushe aka tsira da ƙyaure da mukulli.

Sai ɗakin amarya, wanda aka shirya yadda iyayenmu suke jere: tasoshi da kwanuka an ɗora wani kan wani har sama, ga ƙore, ga faya-fayai, ga taskira. Na zaci za ta yi sha'awa, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Wai ɗakin kakarta ke nan sak, har yau haka yake, ita ce ma take sauke kwanukan ta wanke duk jajiberin salla. Ta ce, "Anti, abin da kuka sa a gidan kallo, mu a ciki muke kwana." Ɗana ya dube ni, na harare shi ya kama bakinsa.

Azahar ta same mu a marinar Ƙofar Mata. A jikin ƙofar shiga an rubuta 1498, shekarar da ake cewa an kafa ta. Fili ne cike da ramuka kamar gurbin dara, sun haura ɗari, amma masu aiki ba su da yawa. Sauran an bar su, wasu shara ta cika, wasu an rufe da tsohon kwando. Muka tsuguna wajen wani tsoho da hannuwansa suka rine har gwiwar hannu, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa, ba gaggawa.

Na sha jin warin karofi, amma ban taɓa zama na kalli aikin da idon mai son rubutawa ba sai ran nan. Ramin ya fi tsayin mutum nesa. Ana zuba ruwa da toka da baba da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana motsawa da doguwar sanda, har kumfa ta taso ya nuna. Abin mamakin, in aka ɗago ƙyallen ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake, sai ya sha iska a gaban idonka ya juye. Shi ya sa ake ɗagawa. Mai son shuɗi mai haske ba ya daɗewa, mai son baƙi wuluk sai a wuni ana abu ɗaya. In ruwan ya mutu a kwashe laka ta ƙasa a shanya a ƙona, ita ce katsin da za a sake zubawa, ba abin da ake yarwa. Zanen da ke jikin ƙyallen kuwa mata ne suke ƙulla shi da zare a cikin gidaje, su ba a ganinsu a hoto. Can gefe ana jin mabuga, maza a jere suna dukan shadda da gudumar katako a kan gungume, sautin yana tafiya tare kamar kiɗa.

Sai amarya ta buɗe jakarta ta fito da wani abu a ƙunshe cikin leda. Ashe mayafin turkuɗin kakarta ne da ta sa mata a cikin kayan ɗaki, ta ɗauko shi tun safe ba ta gaya min ba. Ta miƙa da hannu biyu ta ce, "Baba, a nan aka yi wannan?"

Tsohon ya goge hannu, ya karɓa, ya ɗaga a rana, ya murza gefe ya dubi yatsansa, ya kai hanci. Ya ce, "Amarya, wannan aikin Kura ne. Duba siraran ƙyallen da aka haɗa. Shuni aka buga masa har ya yi wannan ƙyalli, shi ya sa yake zuba a jiki. Mutanenku da Buzaye su ne masu sayensa tun kakanni. Ki adana, yanzu ko kin ba da kuɗi da wuya a yi miki irinsa." Ya kira wasu biyu suka zo suka gani, suna juya shi kamar an kawo musu jariri.

Na tambaye shi kasuwa. Ya ce Hajiya sai godiya, galura ta zo, atamfar Sin ta zo, yara kuma ba sa son hannunsu ya yi baƙi. Baƙi daga waje sun ragu, 'yan gari kuwa in sun zo hoto suke ɗauka su sa a Facebook su wuce. Wayata tana hannuna a lokacin, na mai da ita jaka na sayi zannuwa biyu. Ga wadda za ta je, shawarata ke nan: ki tafi da kuɗin zane ko da ɗaya ne, domin ramin da ake tsoma ƙyalle a ciki ba ya cikewa da shara.

A nan na lura da wani abu game da duk wuraren da muka zaga. Kurmi tana nan domin ana ciniki. Fada tana nan domin akwai mai zama a ciki. Marina tana numfashi gwargwadon masu saye. Badala kuwa tun ranar da aka daina tsoron mahara ba ta sake ciyar da kowa ba. A da duk bayan damina ake fitowa gayya a yaɓe inda ruwa ya ci, ƙasar da ake haƙa ita ta bar mana kududdufai. Da gayya ta tsaya sai ruwan sama ya fara, masu ɗibar ƙasa suka biyo, masu yanka fuloti suka ƙarasa. Kududdufan ma an cike su an yi gini, shi ya sa ruwa kaɗan sai ya shigo mana ɗaki. An sa ganuwar cikin jerin wuraren da Najeriya take nema wa shiga kundin UNESCO tun 2007, amma takarda ba ta yaɓe.

La'asar ta yi, ba sauran inda zan kauce. Na ce wa mai adaidaita ya bi da mu ta Ɗan Agundi ya miƙe titin da ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya. Ta ga ƙofofin, manya, na siminti, an yi musu fenti da ado, motoci suna wucewa ta ƙarƙashi. Na gaya mata tsohuwar Ƙofar Na'isa ta ƙasa ce, a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi aka gina wannan. Ta ɗauki hoto ba tare da ta ce komai ba. Can gaba na ce a tsaya. Muka sauka, na nuna mata wani guntun da ya saura, ruwa ya zaizaye shi ya yi masa kwari-kwari, leda ta manne a gindinsa, akuya biyu suna kwance a sama suna tuƙa.

"Ga badala."

A kan irin wannan muka yi wasa muna yara. A ƙarshen shekarun 1980 tana da tsayin da in muka hau muna hango masu keke kamar ƙwari, mu zauna a kan kwali mu sulalo, mu koma gida da jan wando a sha duka. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, in zai kwatanta wa baƙo gida cewa yake bi badala kada ka sake ta.

Amarya ta daɗe tana kallo. Ta matsa kusa, ta karya ɗan ɓangare ta murtsuke, ta dubi jar ƙasar da tsakuwar da ke ciki. Sai ta juyo a hankali ta ce, "Anti, wannan ai irin tudun da ke bayan kicin ɗina ne."

Na ce shi ne.

Ba zan faɗi unguwar ba, amma gidan da muka kai yarinyar nan a kan badala yake. Layinsu gaba ɗaya haka ne. Tudun da take watsa ruwan wanke-wanke a gindinsa, wanda yaran maƙwabta suke haƙa suna cika buhu, shi ne abin da ya saura. Lokacin da autanmu zai sayi filin na nuna masa ba na so. Ya ce, "Yaya, shekarata nawa ina kwana a shagon ƙofar gida da samari huɗu? Gidanmu mutum nawa ne a ciki? In na bari wani ne zai saya. Tarihi zai ba ni ɗaki?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma har yau ban samu ba. Garin da aka kewaye don mutum dubu 30 yau miliyoyi ne a ciki da waje, kowa kuma yana son ya kwana kusa da uwarsa da kasuwarsa. Ina jin zafin masu yanka badala suna sayarwa, wannan ba na ɓoyewa. Amma wanda ya tara kuɗin shekara goma ya sayi inda zai sa matarsa, in ƙanenki ne, bakinki nauyi yake yi.

Kuma shi ma ba a kwance hankalinsa yake ba. Lokacin rusau na 2023, sa'ad da ginin ya kai linta, yaron nan ya fi wata ba ya barcin kirki. Kullum da asuba sai ya hau babur ya je ya duba ko an shafa masa jan fenti. Allah ya tsare, amma duk sanda aka ce za a gyara badala, ni murna nake da rabin zuciya, shi kuwa cikinsa ne yake ɗurar ruwa. Duk wannan bai gaya wa amarya ba, ni ma ban so ta ji daga bakina ba.

A adaidaita ba wanda ya yi magana har muka isa. Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan kicin, na bi ta. Tudun bai fi tsayina da rabi ba, tsawonsa kamar taku goma sha biyar, daga nan katangar maƙwabci ta yanke shi. Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara gani. Ta ce, "Za su rushe mana gida?" Na ce ba na jin haka, gidajen sun yi yawa, amma alkawari ba nawa ba ne.

Muna nan mijin ya dawo daga kasuwa. Ya gan mu a tsaye a wurin, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Yaya, kin gaya mata ke nan." Na ce ita ta gane abinta. Ta ce masa daga yau a daina barin yara suna haƙa, kuma a canja wa ruwan wanke-wanke hanya. Ya ce in ya hana su iyayensu za su ce ta ubansa ce? Ta ce ya ce musu katangarsa ce take zaizayewa. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce zai nemo tsohon kwano a kare gindin.

Bayan magariba, ina shirin tafiya, wayarta ta yi ƙara. Tsohuwar ce daga Damagaram, ta sa ta a sifika don mu gaisa. Aka gama gaishe-gaishe, amarya ta ba ta labarin Dala, da ƙyauren ƙarfe, da abin da marini ya ce game da turkuɗinta, tsohuwa tana ta salati tana cewa ai ta gaya mata na Kura ne. Sai ta ce, "To ganuwar fa, kin gan ta?"

"Na gani, Inna."

"Tana nan da tsayinta?"

Amarya ta dube ni, ta dubi mijinta da ke zaune a bakin ƙofa da buta a hannu. Ta ce, "Tana nan, Inna. Kusa da gidanmu ma take."